Alherin da Aka Yi wa Motar Baba

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe na firamare, mahaifina yana da wata tsohuwar mota da babu mai ƙaunarta a gidanmu sai shi da ni. Yau na tuno da ita ne saboda wata a cikinku ta hango kujerar mota a hoton teburin karatuna, ta tambaye ni abin da ya kawo ta ɗakina. Na ce zan ba da amsa. Sai dai ku yi haƙuri da ni, labarin nan har gobe in na ɗauko shi sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

A unguwar Al-Sadd ta birnin Doha muke zaune, hawa na huɗu, wajen ajiye motoci kuma yana can ƙarƙashin benen. Baba injiniya ne a wajen aikin gas. Motar da yake zuwa aiki da ita daban, wannan kuma daban. Baƙa ce wuluk, ƙirar Amurka ta shekarun tamanin, mai ƙofa biyu, duk jikinta kusurwa-kusurwa. A hannun wani dattijon Balarabe ya saye ta, mahaifin abokin aikinsa, wanda ya rufe ta shekara da shekaru bai canza mata ko ƙusa ɗaya ba. Mama ba ta taɓa kiranta mota ba. "Tsohuwar akwatinka" take cewa.

Kowace Juma'a da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, Baba zai sauka ya yaye mata rufi ya tashe ta. Ni ce mai riƙe ƙyallen goge ƙura. Ban cika magana ba tun ina ƙarama, a makaranta ma sai malama ta kira sunana sau biyu kafin a ji muryata, amma ido ina da shi. Na san fentin motar ba sumul yake ba, in ka kalle shi a karkace yana da 'yan ƙuraje kamar ɓawon lemo. Na san kujerun yadi ne, toka-toka da baƙi, an ɗinka lamba shida a wajen jingina kai. Na san akwai wata farar sitika a cikin murfin but, cike da haruffa da lambobi, gefenta ɗaya ya fara ɗagowa. Wata rana na kai hannu zan danne gefen, Baba ya riƙe yatsana.

"Bar ta yadda take, uwata. Wannan takardar haihuwarta ce."

Shi ne ya yi min bayani. Ya ce motocin ƙarfi na Amurka yawancinsu manyan injuna gare su masu silinda takwas. Ita wannan shida gare ta, amma an sa mata turbo, wani abu mai kama da katantanwa da yake hura wa inji iska, har ta riƙa barin masu takwas ɗin a baya. Kaɗan aka ƙera. Waɗanda suka rage yadda suka fito daga masana'anta kuwa sun fi ƙaranci. Samarin da suka yi ta kallonta a wancan zamanin babu halin saye, yanzu sun zama dattawa masu hali, nemanta suke yi ido rufe.

"Duk motar da kika gani a titin nan, tun ranar da ta bar shago take faɗuwa," in ji shi. "Wannan ta gama faɗuwarta, hawa take yi. Amma da sharaɗi. Fentinta, kujerunta, injinta, komai ya zama na asali. Mota sau ɗaya take zama ta asali. In aka taɓa, shi ke nan."

Sai ya buga bonet a hankali da tafin hannu. "Ranar da kika gama sakandare, ita za ta kai ki jami'a. Ba a kan tayoyinta ba fa."

Na gane abin da yake nufi. Daga ranar na ƙara kula da yadda nake goge ta.

Bayan ta ɗumama sai mu zaga unguwa sau biyu. Akwai wani miƙaƙƙen titi da ba kowa a kansa ranar Juma'a da safe. Nan Baba yake ɗan taka ta. Da farko kamar ba ta ji ba, sai can ka ji wani siririn fito ya taso daga gaba, fiiiii, bayanka ya manne da kujera. Baba ba mai yawan dariya ba ne, amma duk lokacin da fiton nan ya tashi sai na ga haƙoransa.

A cikin hutun zafi aka bugo waya cewa kakata, mahaifiyar Baba, tana asibiti a Zariya. Ya tafi da niyyar sati biyu, ya yi bakwai. Kafin ya tafi ya kira amininsa, ɗan garinsu da suka yi makaranta tare, wanda muke kira Baffa. Baffa mutumin kirki ne, wannan ba zan hana shi ba. Shi ya tarbe mu a filin jirgi ranar da muka fara zuwa ƙasar nan. Amma mutum ne da bai yarda da tsohon abu ba. Waya sabuwa, agogo sabo, farar jif ɗinsa har ledar kujeru bai cire ba. Baba ya miƙa masa makulli a gabana ya ce, "Don Allah ranar Juma'a ka riƙa tashinta minti goma. Iyaka ke nan."

Juma'a ta farko ya tashe ta. Ta biyu sai ya hau sama ya tsaya a bakin ƙofa suna gaisawa da Mama. Ina bayan labule ina ji.

"Hajiya, abin nan ya dame ni. Mutum kamar mijinki, injiniya guda, yana ɓoye mota kamar ta gado. Yana can yana fama da jinya, so nake in ya dawo ya ga abin da zai faranta masa rai. Na san wani gareji a Sana'iyya, unguwar makanikai. Kar ki faɗa masa, mamaki zan ba shi."

Mama ta ce, "Kai, Allah ya bar zumunci. Ai ni da za a jefar da ita ma ban damu ba."

Suka yi dariya. Na fito daga bayan labule da niyyar magana, Baffa ya ce, "A'a, 'yar Baba, ya karatu?" Na durƙusa na ce lafiya lau. Abin da na iya faɗa ke nan. Lafiya lau! Ina ji yana sauka, ina jin ƙarar makullin a hannunsa.

Da ya tafi na bi Mama kicin. Na daɗe ina tsaye ina murza gefen hijabina kafin na ce, "Mama, Baba ya ce ba a taɓa fentin motar nan."

Ko juyowa ba ta yi ba, tana yanka albasa. "Ke me kika sani a mota? Wankewa zai sa a yi mata da 'yan gyare-gyare. Kuma ban da kai wa babanki surutu a waya, yana can da abin da ya dame shi. Yaushe kika fara sa baki a maganar manya?"

Sau uku Baba ya kira aka ba ni waya a satukan nan. Sau ukun maganar tana kan harshena. Sai in ji muryarsa a gajiye, in ji hayaniyar asibiti a bayansa, in ga Mama tana kallona, in ce, "Ya jikin Kaka?" Wannan laifin nawa ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Kaka ta samu sauƙi, Baba ya dawo ya rame. Washegari da la'asar Baffa ya zo da babbar riga da turare, ya ce kowa ya sauka ƙasa. Motar tana wajenta a rufe. Tun kafin a yaye na ga tayoyin da suka leƙo ta ƙasan rufin ba nata ba ne. Baffa ya kama gefen rufin ya ce, "Bismillah, yalla!" ya fizge.

Fara. Fara ƙal, mai ƙyalli kamar tangaram.

"Baƙar mota a Doha?" in ji Baffa. "Ai gasa kanka kake yi, mutumina. Dubi titi, kowa fara yake ja."

Ya buɗe ƙofa. Kujerun yadin babu, an sa na jar fata. Inda rediyo mai kaset yake an huda an sa allo irin na taɓawa. Wilin tayoyin sai ɗaukar ido suke yi. Na zaga baya a hankali, don but ɗin a buɗe yake ana nuna sabon kafet. Cikin murfin ma an fesa fari. Sitikar babu ita, ko alamar inda take babu.

Baffa ya shiga ya tayar, ya taka mai sau biyu. "Ka ji? Shiru. Har wannan kukan da take yi na sa an cire. Makaniken ya ce tsohon turbo ne, ya jefar ya sa sabo."

Na kalli Baba. Carbi ne a hannunsa, na ga babban yatsansa ya danne ƙwaya ɗaya har farcen ya yi fari. Wata jijiya a gefen wuyansa tana motsi. Na ce yau za a yi ta. Na ma matsa baya don kar abin ya shafe ni.

Baba ya ce, "Masha Allah."

Ya sake cewa, "Masha Allah. Ka wahalar da kanka. Allah ya saka da alheri."

"Haba, mene ne a tsakaninmu? Kar ma ka tambaye ni abin da ta ci, ba zan faɗa ba."

Jama'a, bai tsaya nan ba. Bayan kwana biyu Baba ya je kasuwa ya sayo turaren oud mai kyau, ya sa aka naɗe, ya kai wa Baffa na godiya. Ni aka ba ledar na riƙe a mota. Mutum ya rushe maka abin da ka yi shekaru kana tattali, ka bi shi da turare! Da na tambayi Mama, sai ta ce, "Kara ke nan. Mutum ya yi don Allah, ya kashe abinsa, sai a kunyata shi?" A lokacin ita ma ta fara gane ɓarnar, don ta ga Baba ya daina cin abinci sosai, amma bakinta bai canza ba.

Akwai wani Baƙatare mai tara tsofaffin motoci da ya daɗe yana bin Baba ya sayar masa, Baba yana cewa ba yanzu ba. Wata biyu bayan haka ya bugo waya, Baba ya ce ya zo ya gani. Ina ganin so yake ya ji gaskiya daga bakin wanda ya sani. Mutumin ya zo da wata 'yar na'ura da ake ɗorawa a jikin mota ta faɗi kaurin fenti. Bai ma fito da ita daga aljihu ba. Ya tsaya daga nesa, ya cire tabarau, ya dafe kai.

"Haram alaik, ya muhandis," in ji shi da Larabci, wato kaico, injiniya. "Me ya sa? Wa ya yi mata haka?"

Na ce a raina, faɗa masa, Baba. Faɗa masa.

Baba ya ce, "Ni na ga ya kamata a sabunta ta."

Mutumin ya leƙa ciki, ya buɗe bonet, ya buɗe but ya shafa inda sitikar take a da. Ya ce da a ce fenti ne kawai, da an yi magana. Amma ba kujeru, ba turbon asali, ba takardar da za ta nuna yadda ta fito. Ya ce jiya abin tarihi ce, yau tsohuwar mota ce kamar kowace. Abin da ya taya bai kai abin da Baba ya saye ta ba. Ya ce "khalas", wato shi ke nan, ya shafa kaina, ya tafi yana girgiza kai. Baba ya mayar da rufin da kansa, bai nemi in kama masa ba. Daga ranar Juma'armu ta mutu. A watan ne kuma ya karɓi aikin kan teku da ya daɗe yana ƙi, sati biyu can, sati biyu gida. Ba wanda ya ce min saboda karatuna ne. Ba sai an faɗa ba.

Wata Asabar muka je unguwar Najma da Mama sayen daddawa da busasshiyar kuɓewa a wani shagon 'yan Afirka. Tana ciki tana ciniki, ni ina bakin ƙofa ina kallon titi kamar yadda na saba. A tsallake akwai wani ɗan shagon shayin karak, direbobi suna zaune a gabansa a kan robobi da buhuna. Mutum ɗaya ne ya fi kowa jin daɗin zama, ya kishingiɗa ya miƙe ƙafa. Da ya sunkuya zai ajiye kofi sai na ga abin da ke bayan kansa. Lamba shida.

Wannan karon ban tambayi kowa ba. Baba yana gida a satin, muna komawa na same shi a falo na ce, "Baba, na ga kujerarmu." Ya kalle ni, ya miƙe ya ɗauki makulli.

Mai zaman kujerar wani dattijon direba ne ɗan Kumasi. Da ya ji muna Hausa sai ya miƙe da fara'a. "Ei, Alhaji, kujera nan naka ne? Wallahi ya fi gado na daɗi. Yaran gareji ne suka kawo ma mai shayi." Baba ya tambayi ɗayar da ta baya. Direban ya ce ta baya wani ya ɗauka ya kai ɗakinsu, ɗayar kuma ruwa ya lalata an zubar. Da aka tambayi turbo kuwa, ya yi dariya ya ce ai tuni 'yan gwangwan suka auna shi. Mai shayi ya ƙi karɓar komai, ya ce a kawo masa kujerar roba kawai. Muka ɗauko ta da tabon shayi da ƙunar sigari biyu. A hanya sau biyu na ga Baba ya waiwaya ya kalle ta.

Sai babbar Sallah ta zo. Gidanmu ya cika da 'yan ƙasarmu, likitoci da malaman jami'a da matansu. Maza suna falo, aka ce in kai musu shayi. Ina shiga da faranti na tarar Baffa ya baje yana ba da labari.

"Ku tambaye shi! Da kun ga motar nan a da, ko kyauta ba za ku karɓa ba. Baƙa kamar tukunya, tana kuka kamar jinjiri. Ni na mayar da ita mutum. Ko ba haka ba, mutumina?"

Baba ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Haka ne."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba haka ba ne, Baffa."

Wani likita ya tsaya da tsokar nama a hannu.

"Ba kuka take yi ba, turbo ne, haka aka ƙera ta. Fentin da ka sa aka kankare shi ne kuɗinta. Da kujerun, da sitikar cikin but. Cewa aka yi ka tashe ta minti goma. Mai saye ya zo ya ce ta tashi daga aiki. Da ita za a kai ni jami'a, yanzu Baba yana kwana a kan teku. Kuma har turare aka kai maka."

Wannan na turaren ban yi niyyar faɗa ba, shi ya fito da kansa. Na dire farantin, shayi ya zube a kafet, na ruga ɗaki. Mama ta biyo ni ta kama kunnena, ta ce na zubar musu da mutunci a gaban baƙi ranar Sallah, ta ce za a ce ba ta ba ni tarbiyya ba. Daga falo kuwa me na jiyo? Dariyar Baffa. "Kun ga 'yar injiniya! Yaran yanzu sai addu'a." Aka taya shi dariya, aka koma hirar siyasa. Da yamma aka sa na je har bakin jif ɗinsa na durƙusa na ba shi haƙuri. Ni na ba da haƙuri. Ya ce ya yafe min.

Baba bai yi min maganar ba ranar, bai yi washegari ba. Ranar Juma'a da safe ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce, "Ɗauko ƙyallenki." Muka sauka, muka yaye rufin, muka zaga unguwa a kan jar fata mai manne wa jiki. Da muka hau miƙaƙƙen titin nan ya taka ta. Ta yi gudu, ba laifi, amma shiru. Ya rage wuta ya tsaya a gefen hanya, hannunsa biyu a kan sitiyari.

"Abin da kika yi ranar Sallah ba daidai ba ne," in ji shi. "Ba a yi wa babba haka a cikin mutane."

Na sunkuyar da kai.

"Amma da na faɗa masa ni da shi tun ranar farko, da ba ki ɗauki kayan da ba naki ba. Ni na bar miki shi. Ki yafe min, uwata."

Ƙyallen kawai na yi ta naɗewa ina warwarewa.

Daga baya an sayar da motar ga wani saurayi da farin fentin da jar fatar suka burge. Baffa yana nan, yana zuwa gidanmu, ina gaishe shi a durƙushe, kuma har yau bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. Wataƙila a ransa ma bai yarda ya yi ba. Abin da yake ci min rai ke nan. Ba mugu ba ne, da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Mutum ne da ya tabbata ya fi ka sanin abin da ya dace da kayanka, mu kuma aka koya mana mu yi masa godiya. Ban ce a daina kara ba, na ga inda take riƙe zumunci. Amma a gidanmu na ga mutum uku sun yi shiru don kar ran mutum ɗaya ya ɓaci, ni ta farkonsu, kuma shekara biyar ke nan Baba yana biyan shirun nan da rabin kwanakinsa a kan ruwa.

Bana nake gama sakandare. Wani lokaci ina shiga shafukan gwanjon tsofaffin motoci in ga irinta, baƙa, da kujerunta na yadi, in ga yadda ake rububinta, sai in rufe wayar da sauri. Kujerar kuwa Baba ya sa an yi mata ƙafafu na katako. Mama ta sha cewa a kai ta a sake mata yadi, ko don ƙunar sigarin nan. Ranar da ta fara faɗin haka, ban jira na murza hijabi ba. Na ce a'a, da ƙarfi, har Baba ya jiyo daga falo. A kanta nake karatun jarrabawa yanzu, kuma ba wanda zai taɓa ta.